Ratsi Goma Sha Huɗu da Takardar Lowell

Malama Loretta,

Ranar Laraba, 19 ga Oktoba, 1994, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, babban abokina ya kunyata ni a gaban mutum ɗari biyu, kuma daga ranar ban ƙara yi masa magana ba. Na fara da wannan ne don ki san irin mutumin da ke rubuto miki. Taimakonki nake nema, da gaggawa kuma, domin ranar Juma'a mai zuwa wa'adina zai cika. Shekarata sittin da shida, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba sai ƙorafin rashin kwashe ƙanƙara a layinmu. Amma mako uku ke nan ina zirga-zirga a gida kamar yaron da aka saya wa keke, har matata Corinne ta ce ko in rubuto miki ko ta kira likita.

Yau in kika zo Duluth kika tambayi mai lanƙwasa gilashin fitilun talla, ni za a nuna miki. Rabin jajayen fitilun da ke ƙofar mashayu da gidajen abinci na bakin tafki daga hannuna suka fito. Masu kawo mini aiki ba su san ina da digirin dakta ba, ni ma ba na faɗa. Da can a jami'a nake, a ɗakin binciken da ake koya wa kwamfuta ta kwaikwayi abin da ke faruwa a cikin irin waɗannan fitilu. Ki yi haƙuri in ɗan yi miki bayani, in ba haka ba za ki ɗauka tsufa ne ya taɓa mini kai.

In aka zuƙe iskar da ke cikin bututun gilashi, aka sa 'yar iskar argon, aka ba shi wuta ta baki biyu, iskar takan kama haske. Wani lokaci hasken ba ya tsayawa sumul, sai ya yanke ratsi-ratsi: haske, duhu, haske, duhu. Tun zamanin kakanninmu ake ganin wannan. Abin da mu muke nema shi ne mu sa kwamfuta ta fito da ratsin da kanta, ba tare da mun raɗa mata amsa ba. Ƙwayoyin lantarkin da ke cikin bututu ɗaya sun fi ƙarfin ƙirga, saboda haka dabara ake yi. Sai a yanka bututun gida-gida a lissafi, kamar gidajen dara, a zuba 'yan dubban ƙwayoyin wakilci, kowace tana tsaya wa miliyoyi. A tura su taki ɗaya, a auna ƙarfin wuta a kowane gida, a jefa ƙuri'a a ga wacce ta yi karo, a sake turawa. Haka, sau miliyoyi. Aiki ne mai daɗi, Malama, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Sai dai wannan sana'a tana da ƙa'ida guda da ake koya wa kowa a makon farko. Duk abin da ka gani a lissafinka, ka raba gidajen biyu su ƙara ƙanƙanta, ka sake. In abin yana nan, na gaske ne. In ya ɓace, fatalwa ce, gidajenka ne suka haife ta.

Abokin nawa Lowell ne. Shekara bakwai muna ofis ɗaya, shi ne abokin ango a aurena, kuma duk hunturu tare muke huda ƙanƙarar tafki mu zauna kamun kifi muna gardama. Yana ce mini Dogo, ni ina ce masa Fasto, saboda wa'azin da yake yi a kan waccan ƙa'ida. Mutum ne da ke cin kifin gwangwani a ofis da tagogi a rufe, kuma bai taɓa yarda yana wari ba.

A watan Satumba na 1994 lissafina ya fito da ratsi. Goma sha huɗu, a jere, tsaf. Na tuna na tsaya a gaban na'urar buga takarda ina ƙirga su. Awa ashirin na babbar kwamfutar da jami'o'i ke rabawa aikin ya ci, kuma su ne na ƙarshe a rabona na shekarar. Lowell ya duba hoton, ya ce ya yi kyau, sannan ya tambaye ni ko na raba gidajen. Na ce ba ni da sauran awoyi. Ya ce to in jira sabuwar shekara. Na ce babban taron masana na shekara saura wata guda, in na jira wani zai riga ni. Ya sake yi mini maganar a mota, a hanyar filin jirgi. Na ce masa hassada ce ke damunsa.

A taron, bayan na gama jawabi, an yi tafi, shugaban zama ya ce akwai tambaya. Lowell ya miƙe daga layi na uku, ya karɓi abin magana, ya ce, “Dogo, ka raba gidajen ka sake?”

Ya san amsar. Shi kaɗai ne a ɗakin ya sani. Na ce ban samu lokaci ba tukuna. Wani dattijo daga baya ya ce, to ashe jakin dawa aka zana mana, ɗakin ya ɗauka da dariya. Sunan ya bi ni. A wajen shan kofi, a lifta, har a wasiƙar da wata mujalla ta maido mini da takardata, sai da mai dubawa ya ambaci jakin dawa. Da kwantiragina ya ƙare a bazara, ban nemi sabuntawa ba. Shekara talatin ina gaya wa mutane cewa an kore ni ne. Ba a kore ni ba. Na kwashe kayana a kwalaye, na dawo garinmu, na shiga shagon surukina na koyi hura gilashi.

Kin san azabar? Ratsin nan kusan kowane mako sai na gan shi. Duk sabon bututun da na cika na ba shi wuta, kafin ya zauna, wani lokaci sai ga su suna tafiya a ciki kamar suna yi mini gwalo. Nakan ce a raina, ga shi nan, Fasto, zo ka raba wannan. Lowell kuwa ya zama farfesa, ya yaye ɗalibai, ya rubuta littafi. Na karanta littafin a tsaye a kantin littattafai don kada in saya. Duk Kirsimeti kati yakan zo daga gidansa da rubutun matarsa Arlene, Corinne ta ajiye a bayan firiji inda ba zan gani ba, ni kuma in yi kamar ban san suna can ba.

To yanzu ga abin da ya faru. Mako uku da suka wuce ina shago ina gyara harafin fitilar tallar wani gidan gasa kifi, waya ta yi ƙara. Wata mace ta tambaya ko da Dakta wane take magana. Na kusa cewa an yi kuskuren lamba. Rabon da wani ya kira ni Dakta tun kafin 'yata ta shiga makaranta. Sunanta Marisela, malama ce a wata jami'a a New Mexico, kuma ita ce ɗalibar Lowell ta ƙarshe. Ta ce shekara shida tana aiki a kan ratsin argon, kuma bana lissafinta ya fito da shi, ta raba, ta sake rabawa, yana nan daram, ya kuma dace da hoton da suka ɗauka na bututun gaske. Ta ce a durowar Lowell ta sami tsohon hotona na 1994 a cikin wata jakar takarda. Ta ji labarin jakin dawa daga tsofaffin sana'ar, abin ya daɗe yana ci mata rai. A taron bana za a yi zama na musamman don tunawa da Lowell, ita za ta yi babban jawabi, kuma hotona ne zai zama na farko a bango. Za ta ce wannan mutumin ya gani shekara talatin kafin kowa, aka yi masa dariya. Tana so in zo in zauna a layin gaba, tana kuma so ta sa sunana a takardar da za ta aika wa mujalla.

Malama Loretta, na ajiye wayar na zauna a kan bokiti. Daga nan na tashi na rufe shago da tsakar rana, abin da ban taɓa yi ba ko ranar da aka cire mini haƙori. Na shiga gida ina kiran Corinne tun daga ƙofa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fi yi mini daɗi shi ne a zaman tunawa da shi za a faɗa, a gaban ɗalibansa da matarsa. Na sayi sabuwar kwat a ranar.

Abu ɗaya Marisela ta roƙa. Nata ratsin tara ne, nawa goma sha huɗu. Ta ce tana jin bambancin daga tsofaffin alƙaluman karon ƙwayoyi ne da muke amfani da su a lokacin, ba wani abin damuwa ba ne, amma in ina da tsohuwar manhajata, za ta so ta gani. Na hau saman gareji na sauko da kwalayen. Faifan maganaɗisun ya lalace, amma takardun da na buga suna nan, layi dubu uku da 'yan kai, sun yi rawaya, ɓera ya ɗan ci gefen shafi biyu. Na zauna a teburin kicin da kwamfutar cinya ta Corinne na sake buga su da yatsu biyu. Kwana tara. Ba zan iya kwatanta miki daɗin ba. Na tarar da zagin da na rubuta wa kaina a gefen layuka, na tarar da wata dabara da na yi don hana lissafin tarwatsewa wadda har yau nake alfahari da ita. Ƙwaƙwalwar da na ɗauka ta mutu ashe kwance kawai take. Corinne ta ce ina magana da ƙwayoyin lantarki kamar kaji, ina ce musu ku matsa can.

Ranar Asabar da safe na danna. Aikin da ya ci awa ashirin na kwamfutar da ta cika ɗaki guda, wannan 'yar abar da Corinne ke duba girke-girke da ita ta gama shi a minti goma sha biyu, kafin kofina ya huce. Ga su nan. Goma sha huɗu. Na yi ihu har kare ya gudu ƙarƙashin kujera.

Sai hannuna ya yi abin da aka koya masa. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na canza lamba ɗaya, gidaje ɗari huɗu suka zama ɗari takwas, na danna, na fita na share ganyen tsakar gida. Da na dawo bayan awa guda, bututun sumul yake. Babu ratsi ko ɗaya. Na duba ko na yi kuskuren bugu, na sake, na canza ƙuri'ar, na sake. Sumul. Gidajena na 1994 sun yi girma, suna ɗumama ƙwayoyin da zafin da babu shi a duniya, zafin nan ne ya taru ya zana mini jakin dawa. Fatalwa ce. Shekara talatin ina goyon fatalwa.

Ina zaune na zuba wa allon ido, Corinne tana tattara takardun da na baza don ta samu wurin ajiye abincin rana. A cikinsu ta ɗauko wata ambulan. Na san ta. Wata guda bayan taron Lowell ya turo ta ƙarƙashin ƙofar ofishin da na koma bayan na bar namu. Na karanta a lokacin, na ɗauke ta izgili, na jefa a kwali. Corinne ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi. Layi huɗu ne. Ya ce ya rubuta wa ofishin kwamfuta su mai da rabonsa na sabuwar shekara gaba ɗaya, awa ɗari huɗu da hamsin, da sunana. Ya ce in raba sau biyu, ba sau ɗaya ba. Ya ce in ratsin yana nan, shi da kansa zai miƙe a taron baɗi ya ce ya yi kuskure. Ya sa hannu da Fasto.

Corinne ta cire tabarau ta ce, “To tsoho, sau nawa ka raba?”

Na ce sau ɗaya.

Ta ce, “Mutumin ya ce sau biyu. Ka shekara talatin ba ka ji maganarsa ba, ka ji ta yau mana. Ka matsar da abin nan, miya za ta huce.”

Na sa gidaje dubu ɗaya da ɗari shida. Awa uku da 'yan mintoci ya ɗauka. Na wanke mota, na gyara ƙofar gareji da ta shekara biyu tana ƙara, na leƙa allon ya fi sau ashirin. Wajen ƙarfe huɗu na yamma na ga wani ɗan tudu ya fara tasowa kusa da ɗaya bakin bututun. Sai wani. Sai wani. Na kira Corinne muka tsaya muna ƙirgawa tare da yatsa a kan gilashi. Tara, Malama Loretta. Tara cif, irin na Marisela, da tazara irin tata. Manhajata ce, wadda na rubuta da hannuna ina da shekara talatin da shida, kuma daidai take. Ratsin gaske yana ciki tun farko, yana kwance ƙarƙashin fatalwar, rabawa biyu kawai ta rage in same shi. Na rungumi Corinne muka yi rawa a kicin, ni da gwiwata mai ciwo. Tun ranar ban tsaya ba. Na gwada da iskar niyon, na gwada da ƙarin iska, na ga wani abu a ƙarshen bututun da nake jin ko Marisela ba ta lura da shi ba. Ina farkawa da asuba da tambayoyi a kaina kamar ɗalibi.

Amma na yi wani lissafin kuma, wanda da ban yi ba. Kowace rabawa tana ninka aikin sau huɗu. Ashirin ta zama tamanin, tamanin ta zama ɗari uku da ashirin. Jimla ɗari huɗu. Awoyin Lowell da sun isa, har da ragowar hamsin. Shi ma ya yi wannan lissafin kafin ya rubuta takardar, na san shi.

Ga tambayata. Ranar Juma'a Marisela za ta aika takardarta, da hotona a shafin farko. Ban gaya mata komai ba. Na ce mata dai ina kan bugawa. In na yi shiru, zan sa sabuwar kwat in zauna a layin gaba, a tafa mini, kuma ba ƙarya za ta yi ba da saninta. Wa zai je ya tono manhajar 1994? Amma na san sana'ar nan. Wata rana wani ɗalibi mai naci zai tambayi dalilin goma sha huɗu da tara, kuma baɗi ne za a duba aikinta a yanke ko za a tabbatar da ita a kujerarta. In kuma na faɗa, to da bakina zan ce dattijon nan mai jakin dawa ya yi gaskiya, Lowell ya yi gaskiya, ni ne na ɓata rayuwata a kan abin da babu. Wani sashe na zuciyata har yanzu yana cewa ai bai kamata ya yi mini a gaban mutane ba. Shin bai kamata ba? Ko ni ne? Kuma me zan ce wa Arlene in muka haɗa ido?

Lowell ya rasu shekara biyu da suka wuce, a watan Maris. Arlene ta kira gidanmu da kanta ta faɗi ranar jana'iza. Tafiyar awa biyu da rabi ce a mota. Ban je ba.

Naki,
Mai Hura Gilashi, Duluth

*

Zuwa ga Mai Hura Gilashi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, tunda na lura a gidanku sau ɗaya ba ya isa. Ban san komai a kan argon ba, amma na gane abin da ke gabanka sarai, kuma ina jin kai ma ka gane. Mutumin da yake niyyar yin shiru ba ya zama ya rubuta wa jarida lambobin da za su tona shi.

Bari in fara da abin da kake da gaskiya a kai, domin akwai shi. Abin da ya same ka a ɗakin nan ya yi zafi, kuma ba ƙaramin abu ba ne a yi wa mutum dariya a kan aikin da ya zuba ransa a ciki. Lowell yana iya jira a fita shan kofi. Ina jin shi ma ya san haka, shi ya sa ya ɗauki rabonsa na shekara guda ya miƙa maka, wanda a sana'arku, in na fahimta, kamar mutum ya ba da gonarsa ne damina guda. Amma ka duba da kyau. Ya gaya maka a ofis, ya gaya maka a mota, ka ce masa mai hassada. Tambaya ya yi maka a taron, tambayar da ake yi wa kowa. Jakin dawa ba daga bakinsa ya fito ba. Ka ɗora masa dariyar mutum ɗari biyu saboda shi kaɗai ne a cikinsu kake ƙauna. Sannan hotonka ya zauna a durowarsa har ya mutu, kuma ɗalibarsa ta ƙarshe a kan tambayarka ya ɗora ta. Wanda ya raina aiki ba ya yi masa irin wannan ajiya.

Yanzu abin yi. Ka kira Marisela yau, kada ka jira Alhamis, kuma a waya, da muryarka. Ka gaya mata yadda ka gaya mini: goma sha huɗu, sumul, tara. Daga nan ka aika mata hotunan uku da manhajar da kwafin takardar Lowell. Wannan yarinya ta ɗauki sunanta da kujerarta ta jingina da naka don ta wanke ka. Ba za ka bar ta ta hau mumbari da abin da ka san zai karye a ƙarƙashinta ba. In ka yi haka, ka yi mata abin da ya fi wanda kake zargin Lowell da shi muni, domin shi aƙalla gaskiya ya faɗa maka. Takardar tata ce da jawabin, ita za ta yanke yadda za ta sake su da inda sunanka zai shiga. Kada ka yi ciniki.

Kuma ina ganin ka raina abin da ke hannunka. Kana cewa in ka faɗa ka rasa komai. Ni abin da na karanta shi ne wata manhaja da wani saurayi ya rubuta a 1994, aka tashe ta daga takardar da ɓera ya ci, ta ba da amsa daidai da ta masu sababbin na'urori. Ba sai na zama masaniya ba kafin in san cewa hanya biyu daban da suka kai wuri ɗaya sun fi tsohon hoto guda amfani ga Marisela. Ba za a ce ka riga kowa gani ba, domin ba ka gani ba. Za a ce abin da ka gina yana da kyau, kuma kai da kanka ka kama kuskurenka. Wannan tafin ya fi wancan ƙanƙanta, amma naka ne, ba wanda zai zo ya karɓe shi.

Ka je taron. Kwat ɗin ba ta yi laifin komai ba. In Marisela ta yarda, ka roƙi minti biyu a ƙarshen jawabinta. Lowell ya yi alkawarin miƙewa ya ce ya yi kuskure in ratsinka yana nan. Kai ne za ka miƙe yanzu. An yi maka tambaya shekara talatin da suka wuce ba ka amsa ba, ka amsa ta: ka raba, sau biyu, ga abin da ka samu. Kada ka yi dogon jawabi, kada ka yi kuka da gangan, ka zauna.

Arlene kuwa, kada ka bari a ɗakin taro ta fara ji. Ka rubuta mata a wannan makon, da hannunka. Ka ce ka yi kuskure a kan lissafin, ka yi kuskure a kan mijinta, kuma rashin zuwanka jana'iza ba shi da hujja. Ka tambaye ta ko za ta so ta ga takardarsa. Kada ka nemi ta yafe maka a wasiƙar farko, kada kuma ka yi mamaki in ta yi shiru. Matar da ta yi shekaru tana aika kati gidan da ba a amsawa tana da haƙuri, amma ba ka san abin da ya rage mata ba. Kafin ka rubuta, ka sa hannu a bayan firiji ka karanta katunan nan. Wataƙila ba Arlene kaɗai ta yi rubutu a ciki ba.

Gargaɗi ɗaya. Ka shekara talatin kana hukunta Lowell, kada ka ɗauki sauran shekarunka ka koma hukunta kanka. Girman kai ɗaya ne, riga kawai ya sake. Ka ce kana farkawa da tambayoyi, ka ce ka ga wani abu a ƙarshen bututu. Ka bi shi. Ka gaya wa Marisela shi ma, bayan ka raba. Kuma ka sayi kwamfutarka, ka mayar wa Corinne tata, ka kai ta cin abinci a gidan da ba kai ka yi musu fitila ba. Ita ce ta karanta takardar har ƙarshe.

Abu ɗaya ne ba ni da shawara a kansa, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Aikin ya dawo, sunanka zai gyaru, wataƙila Arlene ta buɗe maka ƙofa. Ina yi maka fatan duk wannan, da tafiya lafiya, da gwiwa mai sauƙi. Amma mutumin da ya fi kowa son ganin ratsin nan tara ba zai gan su ba. Hunturu ashirin da takwas tafkin ya daskare yana da rai, ba ku zauna a kai tare ba.

Loretta